Wa Ya Biya Kuɗin Wakanda?

Mai karatu, na san halinka. Da zarar bos ya mutu, jarumi ya rungumi jarumarsa, sunaye sun fara hawa sama, sai ka danna waya ka fita, ko ka miƙe ka kaɗe riga idan a gidan kallo ne. To, yau wata alfarma nake roƙo. Idan ka sake kallon wani fim ɗin Amurka na shekarun nan, musamman irin na kamfanin Marvel, ka daure ka bar sunayen nan su gama wucewa. A cikin jerin sunayen nan, akwai yiwuwar ka ga wani ɗan tambari: hoton ɗan itace mai kama da ƙaramin mangwaro nunanne, da sunan jihar Jojiya a tare da shi. Daƙiƙa biyar doka ta ce ya yi a kan allo. A fim mai tsada, waɗannan daƙiƙoƙi biyar na miliyoyin daloli ne, kuma mutanen jihar ne ke biya.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, a 'yan shekarun nan da wuya in je taron 'yan fim, ko in zauna hira da furodusa, ban ji an ce, "Gwamnati ta yi mana rangwamen haraji mana, kamar yadda ake yi a Amurka" ba. Kowa ya gyaɗa kai, a tafa, a sha lemo a watse. Sau biyu ko uku na ja mai maganar gefe na ce, "Yallaɓai, yaya ake yin nasu ɗin?" Amsar ba ta wuce, "Ai su gwamnatinsu tana tallafa masu." Shi ya sa na ga ya dace ni da kai mu kwance wannan ƙunshi, mu ga goro ne a ciki ko kuwa ganye ne zalla. Jihar Jojiya, wadda babban birninta shi ne Atlanta, ita ta fi kowa nitso a wannan harka, don haka da ita za mu yi misali.

A shekarar 2008 gwamnan jihar na lokacin, Sonny Perdue, ya sa hannu a kan dokar da ta faɗaɗa wani rangwame da suka fara tun 2005. Dokar ta ce duk kamfanin da ya kashe aƙalla dala dubu 500 a cikin jihar wajen shirya fim ko shirin talbijin, za a ba shi takardar yafe haraji ta kashi 20 cikin ɗari na abin da ya kashe. Idan kuma ya yarda ya manna tambarin nan a fim ɗinsa, a ƙara masa kashi 10. Ka ga 30 ke nan. Sannan ba su sa wa abin iyaka ba. Ba su ce daga kaza a shekara mun rufe ba. Ko finafinai nawa suka zo, kowa zai samu nasa.

Ga inda dabarar take. Kamfanin da ya taso daga Holiwud, a Kalifoniya yake da zama, harajin da Jojiya ke bin sa bai taka kara ya karya ba. To, me zai yi da takardar yafe bashin da ba a bin sa? Sai doka ta ce yana iya sayar da ita. A ce ka kashe dala miliyan 10, an ba ka takarda ta miliyan 3. Sai ka nemi wani attajiri ko wani babban kamfani a jihar, wanda ake bi haraji mai yawa, ka ce ga takardar miliyan 3, kawo wajen miliyan 2 da dubu 700. Shi ya sami sauƙi, kai ka sami tsabar kuɗi a hannu, wanda ya haɗa ku ya cire la'adarsa. I mana, har dillalai gare su, tamkar masu haɗa cinikin fili. Ranar biyan haraji, attajirin nan sai ya miƙa wa gwamnati takarda a madadin kuɗi. Ka ga gwamnati ba ta fitar da ko sisi daga baitulmali ba, amma miliyan 3 da ya kamata su shiga ba su shiga ba. Ni difloma gare ni a aikin jarida, ban karanci akanta ba, amma ko mai shagon unguwarmu ya san kuɗin da aka tare a hanya da waɗanda aka zare daga aljihu, duk rami ɗaya suke bari a lissafi.

Ba Jojiya ce ta ƙirƙiro wannan ba. Ƙasar Kanada ce ta fara ɗaukar hankali da shi a shekarun 1990, ga rangwame ga kuma dalarsu mai arha, har birane irin su Bankuba da Toronto suka riƙa fitowa a matsayin biranen Amurka a finafinai. Da jihohin Amurka suka ga aiki yana tsallaka iyaka, sai Luwiziyana da Niyu Meziko suka fito da nasu a 2002. Daga nan sai rige-rige. Kafin 2010 jihohi sama da 40 sun shiga, kowacce tana ƙara wa tata miyar gishiri. Wani lissafi da hukumar FilmL.A. ta yi a kan finafinan 2013 ya nuna manyan finafinan da aka ɗauka a Luwiziyana sun fi na Kalifoniya yawa, Kalifoniyar da Holiwud ɗin take cikinta! A 2024 jaridar New York Times ta haɗa jimilla, ta ce a cikin kimanin shekara 20 jihohin sun ba masu fim sama da dala biliyan 25.

Bari in ba Jojiya haƙƙinta, don ba na son a ce na zo da ƙiyayya. Abin ya yi aiki, kuma ido ya gani. A 2014 aka buɗe wani katafaren sutudiyo a kudu da Atlanta da sunan Pinewood, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa Trilith. A nan Marvel ta kafa sansani: 'Ant-Man', 'Captain America: Civil War', 'Black Panther', da 'Avengers' guda biyun nan da suka girgiza duniya a 2018 da 2019. Tyler Perry, baƙar fata da ya taso daga wasan daɓe, ya sayi eka 330 na wani tsohon barikin soja ya mai da shi sutudiyo, ya yi bikin buɗewa a 2019. Wani ɗan ƙaramin gari mai suna Senoia, wanda shagunansa suka yi sanyi, ya farfaɗo saboda shirin 'The Walking Dead' da aka shafe shekaru ana ɗauka a yankinsa, har masu yawon buɗe ido suka riƙa zuwa ganin inda gawarwaki ke yawo. A shekarar kasafi ta 2022 an yi ayyukan fim da talbijin 412 a jihar, suka kashe dala biliyan 4.4.

Kuma kada ka ɗauka taurari kaɗai ke ci. Fim irin wannan yana buƙatar kafintoci, masu walda, masu haɗa wuta, teloli, masu kitso da kwalliya, direbobin manyan motoci, masu abinci, masu gadi, masu otal. Dubban mutane da ba su taɓa mafarkin fim ba suka koyi sana'a, suka shiga ƙungiyar ƙwadago, suka ci bashin banki suka sayi gida. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshin ya ga yadda mai shayi da mai kifi da ɗan acaɓa ke murna idan 'yan fim sun sauka a ƙauye, zai gane abin da nake nufi; sai dai ka ninka shi sau dubu.

Akwai wani abin dariya da ya shafe mu. Ka tuna farkon 'Captain America: Civil War' na 2016, inda aka rubuta Legas a kan allo, ana ta faɗa a cikin kasuwa? Kasuwar nan a tsakiyar Atlanta aka kafa ta, a wani fili kusa da layin dogo, aka jera rumfuna aka tara baƙaƙen fata suna kai da kawowa. Haka a 'Black Panther', akwai fitowar da aka ce dajin Sambisa ne, amma babu wanda ya tako Barno da kyamara. Akasarin Wakanda kanta a Jojiya aka gina ta. Sunan Nijeriya ya fito, kuɗin kafinta da mai abinci kuwa a Atlanta suka tsaya. Ba mu kaɗai ba ne. 'Tears of the Sun' na 2003, wanda shi ma aka ce Nijeriya ce, a Hawai aka ɗauke shi. 'The Woman King' na 2022 labarin Dahomey ne, maƙwabtanmu na Jamhuriyar Benin, amma Afirka ta Kudu ce ta ci kuɗin, domin ita tana da sutudiyo, tana da ƙwararru, tana da rangwame. Maroko ma ta ɗaga nata rangwamen zuwa kashi 30 a 2022, shi ya sa duk fim ɗin da ke neman hamada can yake fara dubawa.

To, yanzu mu zo ga lissafi, wanda shi ne ba a faɗa a wurin taro.

Takardun yafe harajin da Jojiya ta bayar a 2022 sun kai na dala biliyan 1.3. Mutanen jihar wajen miliyan 11 ne. Raba ka gani: sama da dala 100 a kan kowane mutum, har jaririn goye. A farkon 2020 ofishin binciken kuɗi na jihar ya fitar da rahoto mai zafi. Ya ce ana zuzuta amfanin shirin fiye da yadda yake, ba a tantance rasit yadda ya kamata, kuma akasarin rangwamen yana tafiya ga kamfanonin da ba su da mazauni a jihar. Babban kaso na albashin da ake lissafawa ma baƙi ne ke karɓa su koma garuruwansu. Ka duba fa: idan tauraro ya zo daga Kalifoniya ya yi wata uku ya karɓi miliyoyi, wannan ma ana iya lissafa shi cikin "kuɗin da aka kashe a Jojiya", jiha ta yafe kashi 30 a kansa. Bayan wannan rahoto ne aka yi dokar da ta tilasta binciken kuɗin kowane fim kafin a ba shi takarda, shekara 12 bayan an buɗe famfo.

A ƙarshen 2023 masana na Jami'ar Jihar Jojiya suka sake yi wa ofishin binciken lissafi. Suka ce a duk dala ɗaya da jihar ta yafe, abin da ke dawo mata ta hanyar haraji santi 19 ne. Su kuma 'yan masana'antar suka kawo nasu binciken, suka ce kowace dala ɗaya tana haifar da hada-hadar sama da dala 6. Za ka ce to wane ne maƙaryaci a ciki? Wataƙila babu. Abu biyu daban suke aunawa. 'Yan fim suna ƙirga kuɗin da suka zagaya gari, daga hannun furodusa zuwa mai otal zuwa mai nama. Masu binciken gwamnati kuwa suna ƙirga abin da ya komo asusun da ake biyan malaman makaranta da gyaran asibiti da shi. Kuma suna yin tambayar da 'yan fim ba su so: da an zuba biliyan ɗin nan a wani wuri, a ce hanya ko makaranta, shi ma ai zai zagaya gari, ko ba haka ba? Ni dai a nan na fi karkata ga masu binciken, ko da yake cikina yana tare da mai riƙe fitila. A 2024 wasu 'yan majalisar jihar sun yi yunƙurin sa wa shirin linzami, ƙudirin ya mutu a majalisa. Wanda ya gina sutudiyo na miliyoyi ba zai zauna ya zuba ido ba, kuma su ma suna da masu kama masu ƙafa.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne abin da ya biyo baya. A 2023 marubuta da 'yan wasan Holiwud suka yi dogon yajin aiki, kamfanoni kuma suka fara tsuke bakin aljihu. Kuɗin da aka kashe a Jojiya ya faɗo zuwa dala biliyan 2.6 a shekarar kasafi ta 2024. Sannan babbar baƙuwa ta naɗe tabarmarta. 'The Fantastic Four: First Steps' na 2025 a Ingila Marvel ta ɗauke shi, haka ma 'Avengers: Doomsday'. Jojiya ba ta rage ko kwabo daga kashi 30 ɗinta ba. Kawai dai Ingila ma tana da nata rangwamen, ga ma'aikata sun fi arha, ga shi kamfani ba ya ɗaukar nauyin inshorar lafiya irin na Amurka tunda can gwamnati ke kula da asibiti. Shekara goma ana shan shayi tare, rana ɗaya aka sami inda ya fi arha aka yi gaba. Sutudiyo yana nan, bashin gidan kafinta yana nan, aikin ne babu. Ita kuma Kalifoniya, da ta ga gidanta na neman zama kufai, sai ta ɗaga nata rangwamen zuwa dala miliyan 750 a shekara a 2025. Shugaba Trump ma a watan Mayun shekarar ya fito ya ce zai sa harajin kashi 100 a kan finafinan da aka shirya a waje. Kowa na ƙara farashi a gwanjon da mai kaya ɗaya ne ke cin ribarsa.

Jojiya ma ai ta yi sa'a. Mishigan ta fito da nata a 2008, har kashi 42, mafi tsoka a lokacin. Aka gina sutudiyo a garin Pontiac, aka sa asusun fanshon ma'aikatan jihar ya tsaya wa bashin dala miliyan 18. Da sabon gwamna ya zo ya rage rangwamen, finafinai suka daina zuwa, sutudiyo ya kasa biya, aka taɓa kuɗin 'yan fansho. A 2015 aka rufe shirin baki ɗaya. A jihar Ayowa kuwa, gwamna ya dakatar da nasu a 2009 bayan an gano an sayi motocin alfarma, har da Marsandi, an saka su a lissafin fim. Magana har kotu. Mai karatu, wannan fa a ƙasar da ake da rasit ne.

A matsayina na mai sharhi akwai wani ɓangare da ke damuna wanda babu ruwansa da kuɗi, kuma ku masu karatun littattafai za ku fi kowa gane shi. Rangwame yana sauya labari. 'Gran Torino' na Clint Eastwood, marubucinsa a Minesota ya kafa labarin, inda ya san mutanen da yake rubutu a kansu. Aka ɗauke shi aka kai Mishigan saboda rangwame. Garin 'Stranger Things' an ce a Indiyana yake, tabkin 'Ozark' an ce a Mizuri yake, duk a Jojiya aka ɗauka. Jihar ta zama kamar ɗan wasan da ke fitowa a kowane fim amma bai taɓa fitowa da sunansa ba. Ka ɗauka marubuciya ta rubuta littafi a kan lungunan cikin birnin Kano, da ƙamshin turaren Kurmi da ƙarar masu marina, sai furodusa ya ce a'a, a wata jiha za mu yi don can ake mayar da kuɗi. Labarin zai fito, amma wani abu ya zube a hanya. Idan ka lura da wasu manyan finafinan Amurka na shekarun nan, tituna duk iri ɗaya ne, gari ba shi da fuska. Wannan yana daga cikin dalilan.

Sai dai wani lokacin canjin alheri ne. 'Breaking Bad' a Kalifoniya aka tsara shi tun farko, kamfani ya ce a koma Niyu Meziko don rangwame. Maimakon su yi ƙaryar cewa Kalifoniya ce, sai mai shirin, Vince Gilligan, ya mai da labarin kansa na birnin Albukaki. Hamadar nan da faffaɗan sararin sama suka zama kamar wani ɗan wasa a cikin shirin, har ba ka iya tunaninsa a wani wuri. Garin ya yi suna, masoya suka riƙa zuwa suna jefa fiza a kan rufin gidan da aka yi amfani da shi, har masu gidan suka gaji suka kewaye shi da shingen ƙarfe. A 2018 Netflix ta sayi sutudiyo a garin. Bambancin shi ne an bar wurin ya fito da sunansa, kuma shiri ne mai dogon zango, wanda ya riƙe ma'aikata shekara da shekaru, ba fim ɗin wata uku ba.

Yanzu mu dawo gida, tunda mu ne muka ce a yi mana irin nasu.

Abu na farko, tsarin Jojiya tarko ne na kama baƙo mai kuɗi. Mu kuwa wane baƙo muke jira? Marvel ba za ta zo Kano ba ko da kashi 50 aka ba ta, domin rangwame ba ya maye gurbin wutar lantarki, da tsaro, da sutudiyo. Ƙauyen fim ɗin da gwamnatin tarayya ta yi niyyar ginawa a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, kowa ya san yadda aka soke shi a 2016 bayan surutu ya yi yawa. Abin da muke da shi 'yan gida ne, masu haɗa kuɗin fim daga cinikin waya da gudummawar abokai da abin da YouTube ya turo.

Abu na biyu, ai an taɓa yi mana rangwamen, ba mu ji a jikinmu ba. A 2017 gwamnatin tarayya ta saka shirya finafinai da shirye-shiryen talbijin a jerin sana'o'in da za a iya ba hutun harajin kamfani na shekara uku, da damar ƙarin biyu. Dokar haraji ta 2025 ta zo ta sauya wannan tsari da wani. Dokar kuɗi ta 2019 kuma ta cire ƙananan kamfanoni, masu cinikin da bai kai naira miliyan 25 a shekara ba, daga biyan harajin kamfani gaba ɗaya. Ka ga yawancin furodusoshinmu dama ba a bin su irin wannan haraji. Ka yafe wa mutum bashin da ba ka bin sa, me ka ba shi? Hutun ya yi wa manyan kamfanonin Legas amfani, masu akanta da lauya. Haka naira biliyan 3 da gwamnatin Jonathan ta ware a 2013: wanda ke da takardu shi ya iya cike fom.

Amma kada a ce wuri ba ya ja ko ya kori 'yan fim a nan. Ina firamare a 2007, amma magabatana a wannan aiki suna ba da labarin yadda aka dakatar da shirya fim a Kano na tsawon watanni, aka tsaurara dokoki, sai industiri ta kwashi kyamarorinta ta nufi Kaduna da Jos. Masu otal da masu abinci da masu hayar mota na can suka ci gajiya. Babu gwamnan da ya ba su ko sisi. Sakin mara kawai suka samu. Ni a ganina darasin da ya fi kusa da mu ke nan, ya fi na Atlanta kusa.

Idan har wata jiha a Arewa tana da niyya, ga abin da zan so in gani, kuma ba ya buƙatar biliyan. Kuɗin izini ya zama ɗaya, a biya a wuri ɗaya, a karɓi rasit ɗaya da kowa zai girmama daga birni har ƙauye. A buɗe wa masu fim gine-ginen gwamnati da ke zaune ba aiki, tsofaffin makarantu da kotuna da gidajen saukar baƙi. Idan za a mayar da kuɗi, a sa masa iyaka a shekara, kuma a mayar a kan albashin ƙananan ma'aikata 'yan jihar kaɗai, wanda aka biya ta banki ana iya gani, ban da kuɗin jarumi, ban da motar furodusa. A fifita shirye-shirye masu dogon zango irin su 'Daɗin Kowa', 'Kwana Casa'in' da 'Labarina', domin su ne ke riƙe mutum a bakin aiki wata da watanni. Ingila ma a 2024 ta ware rangwame mafi tsoka ga ƙananan finafinai masu zaman kansu, waɗanda kuɗinsu bai wuce fam miliyan 15 ba, bayan ta lura manyan baƙi sun cika sutudiyo 'yan gida suna shan wahala. Sannan a buga sunan duk wanda ya karɓa da abin da ya karɓa a jarida. In ba haka ba, wallahi ka san sauran: za a wayi gari kowane ɗan jagaliya yana da kamfanin fim, za a ga rasit na fim ɗin da ba a taɓa kunna wa kyamara ba.

Na san wasu furodusoshi ba za su so sharaɗin banki ba. Sun saba da "ga wannan ka sa mai", babu yarjejeniya, babu takarda. Ni kuwa shi ne ɓangaren da ya fi burge ni a cikin tsarin gaba ɗaya, domin rana ta farko ke nan da za a rubuta sunan mai riƙe fitila a takarda tare da adadin haƙƙinsa.

A damunar bara na bi wasu 'yan fim lokeshin a wani ƙauye, don in rubuta rahoto. Sun riga sun biya kuɗin izini a birni, takardar tana hannun furodusa cikin leda. Ba a gama saita kyamara ba sai ga wasu samari biyu a kan babur, wai daga ofishin tara kuɗin shiga suke. Ya nuna takarda, suka ce wannan ta birni ce, nan kuma nan ne. Aka ba su. Wajen azahar wani ya zo a madadin masu gari, aka ba shi. Da la'asar masu sintiri suka ce ai su ke tsaron wurin tun safe, ko da yake ba wanda ya gan su, su ma aka ba su. Sai kuma mai gonar da akuyarsa ta shiga cikin fitowa, shi dai nasa da dariya aka rabu. Babu ɗaya da ya ba da rasit. Da daddare a cikin mota furodusan ya ciro wani ɗan littafi yana lissafi da fitilar waya, ya ce da ni abin da ya raba a ranar ya fi kuɗin hayar janareta da mai. Na ce masa to ai ga harajin da ya kamata a nemi rangwamensa. Ya yi tsaki ya ci gaba da rubutu.

Da muka iso gari aka sallami jarumai, aka sallami mai kyamara, aka biya direba. Yaron da ya wuni yana ɗaga allon haske a rana, ɗan shekara 19 ko 20, aka ba shi kuɗin mota, aka ce sauran ya yi haƙuri sai an saki fim ɗin a YouTube.